Kai, Ke, Ko Ku? Tarken Salon Wasiƙar Talla Ta Imel

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshe da adabin Hausa sun yi aiki mai yawa a kan talla, sai dai akasarin aikin ya tsaya ne a kan tallar baka, wato ta yara masu yawo da faranti, da ta masu magani a bakin tasha, da kuma wadda ake yi a gidajen rediyo. Akwai wani nau'i da ya shigo daga baya wanda ya cancanci mu zauna mu dube shi, shi ne wasiƙar talla da kamfanoni suke aikawa ta imel, mako-mako ko wata-wata, zuwa ga dubban mutane a lokaci guda. Wannan rubutu yana da malamansa da littattafansa a ƙasashen Turai da Amurka, kuma ƙa'idojin da suka shimfiɗa su ne matasanmu masu aiki a bankuna da kamfanonin waya da kantuna suke koya, su kuma juyo su zuwa Hausa.

Wani zai ce ai Hausawa ba su cika ciniki ta imel ba, rediyo da WhatsApp da Facebook sun fi tasiri a wurinsu. Haka ne. Amma salon da aka ƙera domin imel shi ne dai yake malalowa cikin saƙonnin waya da na WhatsApp, don haka wanda bai taɓa buɗe akwatin imel ba shi ma yana shan ruwan wannan rijiya.

Abin da wannan maƙala take son ta nuna abu ɗaya ne. Ginshiƙin ƙa'idojin nan shi ne a sa talla ta yi shigar wasiƙa, ta yadda mai karatu zai ji kamar wani masaninsa ne ya rubuto masa shi kaɗai. Wannan dabara tana tafiya a Ingilishi domin nahawun harshen ya ba ta mafaka. A Hausa kuwa, nahawu da ladubban magana suna tona mata asiri tun daga jimlar farko.

2.0 Inda salon ya samo asali

A 1978 wani jami'in talla na kamfanin kwamfuta mai suna DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika saƙo ɗaya ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, wato kafar da ta haifi intanet, yana gayyatarsu kallon sababbin injuna. Saƙon ya jawo ƙorafi nan take, kuma shi ake ɗauka a matsayin tallar imel ta farko. Tun daga ranar matsalar marubucin irin wannan wasiƙa ba ta sauya ba: ya shiga wurin da mutum ya keɓe don saƙon 'yan'uwa da abokan aiki, ba tare da an kira shi ba, tilas kuwa ya nemi dalilin da zai hana a kore shi.

Maganin da aka samo ya ɗauko rabinsa daga tsofaffin malaman tallar jarida. Claude Hopkins (1923) ya nace a kan a faɗi takamaiman abu game da haja maimakon yabo na gaba ɗaya. David Ogilvy (1963) ya ce masu karanta take sun ninka masu karanta cikin talla sau biyar, saboda haka a take ake cin kasuwa ko a faɗi. Waɗannan shawarwari ba ni da ja a kansu, kuma zan dawo gare su. Ɗaya rabin shi ne wanda ya dame ni: a kira mai karatu da sunansa na farko, a yi masa magana kamar aboki, a datse gaisuwa, a ba shi umarni guda ɗaya, a kuma sa masa gaggawa. Norman Fairclough (1989) ya yi wa wannan ɗabi'a suna, wanda zan fassara da "sanayyar gangan", wato a yi wa taro magana amma a nuna kamar da mutum ɗaya ake.

Misali mafi shahara shi ne na yaƙin neman zaɓen Barack Obama a 2012. Ɗaya daga cikin taken wasiƙun neman gudummawa da suka fi jan mutane, kamar yadda ma'aikatansa suka bayyana bayan zaɓe, kalma ɗaya ce tak ta Ingilishi, "Hey". Sirrinta shi ne a cikin jerin saƙonni ta yi kama da ta aboki. To, sai mai karatu ya gwada juya ta zuwa Hausa. Abin da zai samu shi ne "Kai!" ko "Ke!", kiran da ake yi wa yaro ya ɗauko buta, ko wanda ake shirin yi wa faɗa. Kafin ma a kai ga rashin ladabin, an riga an gamu da tambayar da Ingilishi bai taɓa yi wa marubucin ba: namiji ne ko mace?

3.0 Matsalar wakilin suna

Geoffrey Leech (1966), a nazarinsa na harshen talla a Ingila, ya lura da yawan jimlolin umarni da yawan fuskantar mai karatu kai tsaye. Wannan ya dace da abin da Roman Jakobson (1960) ya faɗa, cewa aikin harshe da ya karkata ga wanda ake yi wa magana ya fi fitowa fili a cikin kira da umarni. Abin da ba a cika ambata ba shi ne arahar da Ingilishi ya yi wa wannan aiki. Daidaitaccen Ingilishi ya yar da tsohon wakilin sunansa na tilo tun ƙarnonin baya, ya bar kalma ɗaya tana ɗauke da namiji da mace, tilo da jam'i, babba da yaro. Marubuci zai rubuta jimla ɗaya ya aika wa mutum dubu ɗari, kowannensu ya karanta ta a matsayin tasa. Bai yi ƙarya a nahawu ba, domin kalmar ta yarda da fassarar taro kamar yadda ta yarda da ta mutum guda.

Hausa ba ta san wannan ba. A mutum na biyu, tilas mai magana ya bayyana jinsi da adadi, kuma ba sau ɗaya ba. Dubi wannan gajerar jimla:

Mun aiko maka da wannan ne domin ka duba asusunka.

Sau uku aka ce wa mai karatu shi namiji ne: a "maka", da "ka", da "-nka". Idan Hajara ce ta buɗe, sau uku aka gaya mata ba da ita ake ba. Ba gurbin suna kaɗai na'ura za ta cike ba ke nan, sai an rubuta wasiƙa biyu cur, an kuma san jinsin kowane mai karɓa. Wanda bai yi haka ba yana da zaɓi uku, kowanne da abin da zai ci masa.

Na farko shi ne ya tsaya a kan "ka". Masu kare wannan sukan ce ai "ka" na Hausa yana da fuskar gama-gari, kamar a karin maganar nan, "abin da ka shuka shi za ka girba", wadda mace takan ji ba ta ce an ware ta ba. Gaskiya ne, amma gama-garin "ka" yana rayuwa ne muddin ba a fuskanci wani takamaiman mutum ba. Da zarar an rubuta "Sannu Hajara" a sama, an kashe wannan fuska, kuma "ka duba" da ya biyo baya ya zama kuskure tsagwaronsa, irin wanda ake yi wa baƙon harshe dariya a kansa. Wato dabarar saka suna da dabarar gama-garin "ka" ba sa zama inuwa ɗaya. Kuma kada a manta, a harkar tufafi da kayan ɗaki da abinci da turare, mata su ne kasuwar.

Na biyu shi ne "ku". Wannan ya tsira daga jinsi, kuma yana da nauyi na girmamawa a gidaje da yankuna da dama inda yaro yake ce wa mahaifinsa "kun tashi lafiya". Shi ne kuma muryar rediyo, muryar "jama'a masu sauraro". Amma abin lura shi ne "ku" yana faɗin gaskiyar da dabarar take son ɓoyewa, cewa da taro ake magana. Marubucin da ya zaɓi "ku" ya riga ya ajiye sanayyar gangan ko ya sani ko bai sani ba. In kuwa ya haɗa shi da suna tsirara, ya ce "Sannu Musa, ku duba asusunku", sai jimlar ta rabu biyu: rabin farko na sa'a, rabi na biyu na suruki.

Na uku shi ne wanda na fi ganin an yi sakaci da shi, wato lamirin "a" da "an" da "ana", wanda masana nahawu irin su Newman (2000) suke kira mutum na huɗu. Masu fassara daga Ingilishi ba sa kai hannu gare shi domin babu abin da ya yi daidai da shi a rubutun da ke gabansu. Alhali shi ne muryar tallar Bahaushe ta asali. Yarinya mai tallar ƙosai ba ta cewa "ka saya", cewa take "a sayi ƙosai". Mai magani yana cewa "a gwada a gani". Haka nan shi ne muryar kunya da ladabi: "An dawo?", "A sauka lafiya", "A yi haƙuri". Yana isa ga mutum ba tare da ya nuna shi da yatsa ba, ya bar masa damar ya ɗauka da shi ake ko ya wuce abinsa. A ganina, abin da marubucin Ingilishi yake samu daga wakilin sunansa mai fuska biyu, Bahaushe a nan zai same shi, sai dai ta hanyar da ta saɓa: shi wancan yana kusantar mai karatu ne, wannan kuwa yana ja da baya kaɗan don ya ba shi wuri.

Akwai wata kafa ta huɗu da masu rubutun suka faɗa cikinta ba da niyya ba. Umarni tsirara, irin su "Danna nan", "Shiga", "Yi sauri", ba ya nuna jinsi, don haka ya yi musu daɗi. Amma tilo ne, kuma shi ne mafi kaushin sigogin umarni, wanda babba yake yi wa yaro ko aboki ga aboki. A kan maɓalli, inda kowa ya san da na'ura yake hulɗa, ana iya jure shi. A cikin jikin wasiƙar da take da'awar mutum ne ya rubuta ta, sai ya zama tsawa.

Tun da Google ya sa Hausa a cikin na'urarsa ta fassara a 2013, wani sabon ciwo ya ƙaru. Na'ura tana fassara jimla-jimla, ba ta riƙe wanda ake yi wa magana a zuciya, saboda haka sai a ga wasiƙa ta fara da "ka", ta koma "ku" a tsakiya, wani lokaci ta ƙare da "ki". Mai karatu ya shiga namiji ya fito mace, ya bi ta taro a hanya.

4.0 Suna

Ƙa'idar da aka fi maimaitawa ita ce a saka sunan farko na mai karɓa a take ko a gaisuwa. Tana tsaye ne a kan zato biyu: cewa kowa yana da sunan farko da sunan iyali, da cewa sunan farko shi ne wanda makusanta suke kiran mutum da shi. Duka biyun ba su zauna daidai a ƙasar Hausa ba.

Bahaushe ba shi da sunan iyali irin na Bature. Abin da yake bin sunansa sunan mahaifinsa ne, ko na garinsu, al'adar da makarantun boko suka ƙarfafa, kamar yadda muke gani a sunayen Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Fom kuwa yakan nemi a fara da na ƙarshe, wani kuma da na farko, mai cikawa ya rikice, mai shigarwa ma ya rikice. Sakamakon haka sai na'ura ta gai da mutum da sunan garinsu. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne abin da ya same ni da wani kamfani da nake hulɗa da shi. Kusan shekara guda, duk ranar Litinin, wasiƙarsu takan buɗe da "Sannu" sannan sunan mahaifina, tsirara, da alamar motsin rai a gaba. Mahaifina ya rasu, kuma ko yana raye ban taɓa furta sunan nan haka kawai ba, ban kuma ji wani a gidanmu ya furta ba. Manufarsu in ji an san ni. Abin da na ji kowane mako shi ne an shigo zaurenmu da takalmi.

Ko da na'ura ta dace da gurbin, zato na biyu yana nan. Dubban mutanen da takardunsu suka fara da Muhammad, Sani ko Bello ko Auwalu ko Rabi'u ake kiransu. Wanda aka sa wa sunan kakansa, Abba ko Baffa yake amsawa, mace kuma Ummi ko Mama, domin iyaye ba za su iya kama sunan ba. Uwa tana sakaya sunan ɗan fari, mata da yawa suna sakaya na miji. Mutum ya girma, sai Malam ko Alhaji ko Hajiya ko sarauta ta rufe sunan yanka, har ya zama ba ya jin sa sai a asibiti ko a gaban alƙali ko wurin jami'in da ke kiran layi. Ashe ke nan sunan da ke cikin rumbun kamfani shi ne sunan hukuma. Wanda ya kira Malam Sani da "Muhammad" ya ba da shaida da bakinsa cewa daga takarda ya san shi. Abin da aka ɗauko don ya zama alamar sabo ya koma alamar baƙunta.

5.0 Gaisuwa da gaggawa

Littattafan koyar da wannan rubutu suna cewa a tafi kai tsaye ga magana, domin mai karatu ba shi da lokaci. Tsohuwar wasiƙar Hausa kuwa tsarinta sananne ne: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sannan "bayan haka", sannan buƙata, a rufe da "haza wasalam". Ko sankira mai shela, wanda kowa ya san taro yake yi wa magana, yakan fara da isar da gaisuwar sarki kafin ya faɗi umarninsa. Saboda haka wasiƙar da ta faɗo wa mutum da "Saura kwana ɗaya!" ba sallama, kunnen Bahaushe yana jin ta kamar wanda ya banko ƙofa.

Amma kada a yi saurin cewa maganin shi ne a cika wasiƙar da gaisuwa. Na ga masu yin haka: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya muka ji da zafi. Wannan ya fi na farko muni. Gaisuwar Hausa tambaya ce da amsa, mutum biyu suke ɗaukarta kamar ɗaukar gawa, ba ta yiwuwa da kafaɗa ɗaya. Yawancin waɗannan wasiƙu kuwa daga adireshin da ba ya karɓar amsa suke fitowa, wasu ma sukan rubuta a ƙasa cewa kada a amsa. Wanda ya tambaye ka lafiyar iyalinka sannan ya toshe kunnensa bai gaishe ka ba. Abin da ya dace da irin wannan matsayi shi ne sallama, ko gaisuwa mai siffar addu'a da fata wadda ba ta jiran jawabi. Daga tsohuwar wasiƙa kuma, abin ɗauka shi ne layinta na farko, wato mai rubutu ya fara faɗin ko shi wane ne.

Gaggawa kuwa ba baƙuwa ba ce a kasuwar Hausa. Dillali yakan ce wani ya riga ya taya, mai tumatir yakan karya farashi da yamma don gudun kwantai. Bambancin shi ne a kasuwa mai saye yana ganin dalilin da idonsa: ga rana tana faɗuwa, ga kaya suna laushi. Gaggawar wasiƙar imel sau da yawa ba ta da dalili sai agogon da marubuci ya kafa da kansa, kuma mako mai zuwa za a sake kafa shi. Mutumin da ya taso da jin cewa ruwa ba ya tsami banza, idan aka ce masa an rage rabin kuɗi ba a gaya masa don me ba, tambayar da zai yi ita ce me ya sami kayan. Ga kuma wani abu: 'yan damfara ta waya da imel da irin wannan murya suke zuwa, ta "yi sauri kafin a rufe asusunka". Kamfanin gaskiya da ya ari muryar ya sa rigar ɓarawo da hannunsa.

A nan ya kamata in yi adalci ga mai maganin tasha, wanda ba na yaba batsarsa ko alkawuransa na warkar da cuta arba'in da ƙulli ɗaya. Duk da haka ya fi marubutanmu sanin yadda ake sa mutum ɗaya a cikin taro ya ji da shi ake. Ba ya kiran sunan kowa. Yana lissafa alamomi ne dalla-dalla, ciwon baya da asuba, nauyin jiki bayan cin abinci, har mai wucewa ya tsaya don ya ji an faɗi abin da ke damunsa. Sanin halin mutum ya tsaya masa a madadin sanin sunansa. Wannan kuwa ita ce shawarar Hopkins ta faɗin takamaiman abu, ta fito daga bakin wanda bai taɓa jin sunan Hopkins ba.

Masu wannan sana'a za su kare kansu da alƙaluma. Al'adarsu ita ce a raba masu karɓa gida biyu, a aika wa kowane gida take daban, a ga wanda aka fi buɗewa. Hanya ce mai kyau, amma abin da take aunawa shi ne buɗewa. Ni ma ina buɗe wasiƙar nan mai sunan mahaifina, kuma na tabbata an lissafa ni cikin waɗanda dabarar ta ci. Ko a wurinsu ma ma'aunin ya raunana tun 2021, lokacin da Apple ya sa manhajarsa ta imel tana ɗauko abin da ke cikin saƙo da kanta, ta yadda mai aikawa ba ya iya rarrabe wanda mutum ya buɗe da wanda na'ura ta buɗe. Gundurar jama'a kuwa ta bayyana a wasu wurare: Gmail ya ware wa talla zaurenta daban a 2013, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta fito da lambar 2442 a 2016 don mai waya ya toshe saƙonnin da bai nema ba, sannan a 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa.

6.0 Gwaji

Domin kada maganar ta tsaya a sama, ga wasiƙa biyu da na tsara da kaina a kan haja ɗaya. Ta farko na bi ƙa'idojin da ake koyarwa, da irin Hausar da nake gani a akwatina:

Take: Kai! Kada ka rasa wannan!
Sannu Muhammad! Ka shirya ɗaukar karatunka zuwa mataki na gaba? Muna farin cikin raba wannan babbar dama da kai. Sa'o'i 24 kacal suka rage. Danna nan yanzu!

Ban da abin da aka riga aka faɗa na jinsi da suna da tsawa, mai karatu zai lura da jimloli biyu da Hausa ce kawai a fatarsu. Ba a ɗaukar karatu a kai shi mataki, kuma wanda aka ce za a raba dama da shi zai tambayi nawa ne kasonsa. Mafi girman aibinta shi ne an gama wasiƙar ba a faɗi abin da ake sayarwa ba, ko kuɗinsa, ko inda yake, ko wanda yake magana. An ɓoye su da gangan don a tilasta dannawa. Ga ta biyu:

Take: Littattafan nahawun Hausa sun iso, akwai ragi zuwa Juma'a
Daga kantin littattafai na Wane. Assalamu alaikum. Muna sanar da malamai da ɗalibai cewa littattafan nahawun da aka daɗe ana tambaya sun iso jiya, kwafi 60 ne. Kowane ɗaya naira kaza. Waɗanda suka saya kafin la'asar ta Juma'a za a rage musu kashi 20 cikin 100, saboda ranar Asabar za mu rufe don ƙidayar kaya. Masu son a ajiye musu sai su amsa wannan wasiƙa, akwai mai karantawa. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Wannan ta fi tsawo, kuma ba ta da zumuɗi. Ba ta yi da'awar sanin kowa ba, ta tsaya a matsayinta na shela, ta kira rukunin da take nufi da sunan aikinsu. Babu "ka" ko "ki" a cikinta, kuma ba a ji rashinsu ba, domin jam'i da lamirin "a" sun ɗauke nauyin. Wa'adin da ta sa ya zo da dalilinsa. Take ya faɗi labarin gaba ɗaya, wanda ba ya bukata ya wuce ba tare da an ci masa lokaci ba. Ba na cewa za a fi buɗe ta. Ina cewa malamin da ya buɗe ta sau ɗaya ba zai ji haushin ganin sunan kantin a mako na gaba ba.

Wani ɗan abu a gefe, tun da an zo kan rubutu. Masu tura gajeren saƙon waya suna da uzurin barin ƙ da ɗ da ɓ, domin harafi ɗaya mai lanƙwasa yakan rage abin da saƙo guda yake ɗauka daga harafi 160 zuwa 70, kuɗi ya ƙaru. A imel babu wannan uzuri. Otal ɗin da ya rubuta yana maraba da "baki" ya tanadi tuwo ke nan, ba ɗaki ba.

Saura layi na ƙarshe, wanda na bar shi da gangan daga gwajin. Daga 2024 Gmail da Yahoo sun wajabta wa masu aika wasiƙu da yawa su sa hanyar da mai karɓa zai dakatar da su da dannawa ɗaya. A Ingilishi kalma guda ce take wannan aiki, masu fassara kuma sun yi ta fama da ita: "cire rajista", "soke biyan kuɗi", har da "cire kanka", wanda ya dawo da mu kan jinsi, ban da abin da yake nufi in an karanta shi a zahirinsa. Kuskuren shi ne ana neman a sa wa maɓallin muryar kamfani yana ba da umarni, alhali a wannan wuri kaɗai mai karatu ne yake magana. In aka ba shi bakinsa, mutum na ɗaya ne, wanda Hausa ba ta raba shi da jinsi, sai a rubuta "A daina aiko mini". Kasuwa ma ta tanadi abin da ya fi wannan laushi, domin wanda aka yi wa talla ba ya so ba ya cewa mai talla ya tafi, cewa yake "Allah ya kawo kasuwa", mai talla ya ce amin ya ɗauki farantinsa ya yi gaba.